Buhun Yuriya da Inuwar Gawo: Abin da Sababbin Littattafan Kimiyya Ke Faɗa a Kan Taki

A 'yan shekarun nan an samu ayarin littattafai na Turanci da ke ɗauko kimiyya daga hannun masana su shimfiɗa ta a gaban mai karatu na gama-gari. Wani kan makamashi yake magana, wani kan ma'adinai, wani kan ƙasa da halittun da ke cikinta. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai lura cewa ko daga ina marubucin ya taso, sai hanya ta biyo da shi ta kan buhun taki. Vaclav Smil ya ba shi wuri babba a How the World Really Works na 2022. George Monbiot ya yi ta kai-kawo a kansa a Regenesis, shi ma na 2022. Dan Egan ya ware littafi guda sukutum, The Devil's Element na 2023, a kan sinadari ɗaya tak daga cikin ukun da ke buhun kamfa. Hannah Ritchie ta bi shi da alƙaluma a Not the End of the World na 2024. Bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma wannan saɓanin shi ne abin dubawa, musamman ga mutanen da duk damina hirarsu ba ta wuce kuɗin buhu.

Tushen maganar wani abin mamaki ne a halitta. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da tsiro ya fi buƙata don ya yi kore ya yi zangarniya. Gona tana nutse cikinsa dare da rana, amma ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Naitirojin na iska bibbiyu yake tafiya, ƙwaya biyu a ɗaure da juna da ɗaurin da yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin sinadarai, saiwar gero ko masara ba ta iya kwance shi. Kafin zamanin masana'anta abu biyu ne ke kwance wannan ƙulli. Akwai tsawa, wadda ke fasa kaɗan ruwan sama ya sauko da shi. Sai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya, waɗanda da yawansu ke zaune cikin 'yan ƙululun da ake gani a saiwar wake da gyaɗa da waken suya in an tumɓuke su. Tsiron yana ba su sukari, su kuma suna ba shi naitirojin da aka riga aka sarrafa. Kakanninmu da suka saba shuka wake a tsakanin gero ba su san sunan bakteriya ba, amma sun san gonar da wake ya kwana a cikinta tana yin kyau baɗi.

Iyakar abin da ɗan Adam ya dogara da shi ke nan shekaru dubbai: wake, kashin dabba, toka, da hutar da gona. Da jama'ar Turai suka yi yawa a ƙarni na 19, sai aka shiga farautar taki a duniya. An kwashe kashin tsuntsayen teku da ya taru tsawon ƙarnoni a tsibiran Chincha na ƙasar Peru, da gumin 'yan ƙwadago 'yan Sin waɗanda halin da suke ciki bai da maraba da bauta. Amurka har doka ta yi a 1856 da ta ba 'yan ƙasarta damar mallake duk tsibirin da ba mai shi in dai akwai kashin tsuntsu a kansa. Da wannan ya soma ƙarewa aka koma kan gishirin naitiret na hamadar Atacama, wanda a kansa Chile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879, yaƙin da ya raba Bolibiya da bakin teku har yau. A 1898 masanin sinadarai William Crookes ya tsaya gaban taron masana a Bristol ta Ingila ya ce masu cin alkama za su fuskanci yunwa in ba a gano hanyar ciro naitirojin daga iska ba.

Bajamushe Fritz Haber ne ya gano ta a 1909. Ya haɗa naitirojin da haidirojin a cikin zafi mai tsanani da matsi mai tsanani, amoniya, sinadarin da ake yin takin naitirojin da shi, ta fara ɗiga. Abin da ya yi a kan tebur, injiniya Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da shi masana'anta a Oppau a 1913, bayan an sha fama da tukwanen ƙarfe da ke fashewa, kuma bayan abokin aikinsa Alwin Mittasch ya gwada dubban haɗe-haɗe kafin ya samu haɗin baƙin ƙarfe mai araha da ke ingiza aikin. Har yau haka ake yi: zafi kamar digiri 400 zuwa 500, matsi ninkin na iskar duniya sau ɗari da ɗoriya zuwa ɗari uku. Marubuta a wannan fanni suna son tsayawa a kan Haber, ba kuma a ga laifinsu ba, don rayuwarsa ta isa labari. Amoniyar da ke ciyar da tsiro ita ce tushen nakiya da albarushi, ita ta ba Jamus damar ci gaba da Yaƙin Duniya na Ɗaya bayan an toshe mata hanyar Chile. Shi da kansa ya jagoranci sakin iskar guba a fagen Ypres a Afrilun 1915. Ya samu kyautar Nobel ta 1918, sannan a 1933 'yan Nazi suka sa ya bar ƙasar da ya yi wa wannan hidima saboda asalinsa Bayahude ne.

Smil ba mai son labari ba ne, mutumin lissafi ne. Haifaffen tsohuwar Cekoslobakiya ne da ya yi rayuwarsa ta koyarwa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, kuma salonsa salon dattijon da ya gaji da jin yara suna alkawarin abin da ba su auna ba. Ya ce duniyar yau a kan ginshiƙi huɗu take zaune: siminti, ƙarfe, roba, da amoniya. Huɗun duka da man fetur ko kwal ko iskar gas ake yin su. Ya sa amoniya a gaba, da hujjar cewa in babu sauran ukun za a koma rayuwar wahala ne, amma in babu ita kusan rabin mutanen da ke raye ba za su samu abin ci ba. A 1900 mutanen duniya ba su wuce biliyan 1.6 ba, a Nuwamban 2022 suka cika biliyan 8. Ana sarrafa amoniya fiye da tan miliyan 150 duk shekara, mafi yawanta taki ake yi da ita, kuma haidirojin ɗin da ake haɗawa daga iskar gas ake ciro shi, a Sin kuma daga kwal. Ke nan wanda ya ci tuwon masarar da aka yi wa yuriya, a fakaice gas ya ci. Smil yana da dabarar auna abinci da cokalin man dizal, har ya lissafa cewa tumatir ɗaya da aka noma cikin rumfar leda mai ɗumi a kudancin Sifen aka kai shi arewacin Turai ya lashe kamar cokali biyar.

Inda lissafinsa ya fi cizo shi ne wajen amsa wa masu cewa a koma takin gargajiya zalla. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kashin shanu da kyar yake kai kashi ɗaya ko ɗaya da rabi in ya bushe, ɗanye kuwa bai kai haka ba. Kafin a samu abin da ke buhu guda sai an kwaso tan biyu zuwa huɗu. Duk wanda ya taɓa jigilar taki da mangala a kan jaki ko da amalanken shanu ya san abin da tan huɗu yake nufi a jikin mutum da na dabba. Akwai kuma wata gaskiya da ta fi wannan, wadda ake yawan mantawa: saniya ba ta ƙirƙirar naitirojin. Abin da ta ci a daji take kawowa gona. Taki na dabba jigila ne daga wani fili zuwa wani, saboda haka kafin kadada ɗaya ta ƙoshi sai da kadada da yawa na makiyaya a bayanta.

To amma ruwa ba ya tsami banza, kuma masu sukar takin zamani ba su yi don son rai ba. In aka watsa taki a gonakin duniya, a jimlace bai fi rabinsa tsiro ke sha ba. Saura ruwa ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna, wani ya tashi sama ya zama wata iska da ke riƙe zafi fiye da hayaƙin kabon sau kusan 270. Inda kogin Mississippi ya shiga teku, duk bazarar can ana samun faffaɗan yanki da kifi ba ya iya zama saboda takin gonakin masara ya ciyar da gansakuka, gansakukar ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da ke cikin ruwan.

A nan littafin Egan ya shigo. Shi ɗan jarida ne da ya daɗe yana bin labarin manyan tafkunan Amurka daga Milwaukee, kuma abin da ya dame shi fosfaras ne, sinadarin da manomanmu suka sani a buhun sufa. Labarin gano shi abin dariya ne: a 1669 wani mai neman sirrin zinariya a Hamburg, Hennig Brand, ya yi ta dafa fitsari har ya samu wani abu mai walƙiya a duhu. Daga baya Ingila ta riƙa sayo ƙasusuwa tana niƙawa don gonaki, har John Lawes ya yi rajistar dabarar jiƙa su da asid a 1842. Bambancin fosfaras da naitirojin shi ne ba a samunsa a iska. Dutse ne da ake haƙowa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar da aka sani tana hannun Maroko, wani ɓangare nata a Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kanta. A gefe guda ana tsoron ƙarancinsa, a ɗaya gefen ana ɓarnatar da shi cikin ruwa. A Agustan 2014 an hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohio, su kusan dubu 400, shan ruwan famfo har kwana uku saboda gansakuka mai dafi ta mamaye tafkin Erie. Birni ne a bakin ɗaya daga cikin manyan tafkunan duniya, sai ga shi ana layin ruwan gora.

Misalin Holan ya fi ba ni mamaki. Ƙasa ce ƙarama mai tarin shanu da aladu da kaji, ana ciyar da su da abincin da aka sayo daga waje, kashinsu ya fi ƙarfin gonakin ƙasar. A can mai dabbobi shi ke biyan kuɗi a zo a kwashe masa taki. A Mayun 2019 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke hukunci cewa tsarin gwamnati na taƙaita naitirojin ya saɓa wa dokar kare muhalli ta Turai. Dubban ayyukan gini suka tsaya, aka soma maganar rage dabbobi, manoma suka hau taraktoci suka nufi birnin Hague, kuma a Maris na 2023 wata sabuwar jam'iyyar manoma ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna. Kashin shanun da Bakano zai saya da kuɗinsa ya kusa kifar da siyasar wata ƙasa.

Charles Mann, a The Wizard and the Prophet na 2018, ya raɗa wa ɓangarorin biyu suna. Ɗaya ɓangaren masu dabara ne, jagoransu Norman Borlaug, wanda ya ƙirƙiro gajeriyar alkama a Meziko wadda ke shan taki ba ta kwanta ba, ta canza noma a Indiya da Pakistan, ya samu Nobel ta zaman lafiya a 1970. Ɗayan kuma masu gargaɗi ne, jagoransu William Vogt, wanda tun 1948 yake cewa ƙasa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, wanda ya ƙetare iyakar zai gani a ƙwaryarsa. Borlaug ba baƙo ba ne a wajenmu ko da ba a san sunansa ba. Shirin da manoman Kano da Kaduna da Jigawa ke kira Sasakawa, mai koyar da shuka a layi da tazara da binne taki, da shi aka kafa shi a 1986, ya iso Najeriya a 1992.

Monbiot yana cikin masu gargaɗi, amma na wani irin salo. Babin da ya rubuta a kan abin da ke cikin dunƙulen ƙasa ɗaya yana cikin mafi kyawun abin da na karanta a wannan fanni: yadda saiwa ke zubar da wani kaso na sukarin da ganye ya haɗa don ta ciyar da ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ita, yadda waɗannan ƙwayoyin ke gina ƙananan ɗakuna da ramuka da ke riƙe ruwa da iska, da yadda garma mai nauyi da taki mai yawa ke rusa wannan gini. Sai dai da ya zo bayar da magani sai ya kauce daga hanyar abokan tafiyarsa. Ya yarda cewa noman da ba ya bayar da amfani mai yawa yana cin fili mai yawa, kuma cin fili shi ne babban abin da ke kashe daji. Saboda haka ya sa ransa a kan wani abinci mai gina jiki da ake samu daga bakteriyar da ake kiwo a cikin tanki da wutar lantarki, irin wanda kamfanin Solar Foods na Finlan ke gwadawa, don a rage kiwon dabbobi. Ga mai karatu a Landan wannan magana ce da za a iya tattaunawa. Ga mutanen da saniya ita ce bankinsu, ita ce garmarsu, ita ce takinsu, kuma wutar da za a kunna ƙwai ɗaya ba ta tabbata ba, maganar ta yi nisa.

Ritchie kuwa, wadda ke aiki da shafin Our World in Data mai alaƙa da Jami'ar Oxford, ta fi karkata ga masu dabara. Ta nuna cewa kusan rabin filin duniya da za a iya zama a kansa noma da kiwo ne suka cinye shi, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan na dabbobi ne. Ta kuma nuna cewa wasu ƙasashen Turai sun rage takin da suke zubawa ba tare da amfanin gona ya ragu ba, wanda ke nufin yawancin ɓarnar ta wuce-gona-da-iri ce. Na fi yaba mata a wani wuri dabam. Akwai wata magana da ta yi yawo a jaridu da littattafai shekara da shekaru, wai saura girbi 60 ƙasar noman duniya ta ƙare. Ritchie ta bi sawunta ta tarar babu wani bincike da ya tsaya mata. Wasu gonakin suna zaizayewa da sauri ƙwarai, wasu za su kai ɗaruruwan shekaru, wasu ma ƙaruwa suke yi. Wannan ita ce cutar da ke bin irin waɗannan littattafai baki ɗaya: jimla mai daɗin faɗa tana riga hujjarta isa kasuwa. Haka aka yi da labarin da ya shahara cewa itatuwan daji suna aika wa 'ya'yansu abinci da saƙon gargaɗi ta zaren naman gwari da ke ƙarƙashin ƙasa. A 2023 masana uku, cikinsu har da Justine Karst, suka sake duba binciken da aka dogara da shi, suka ce abin da aka tabbatar a daji bai kai abin da ake faɗa ba.

Duniya ta ga abin da ke faruwa in gwamnati ta ɗauki ɓangare ɗaya ta aiwatar da shi dare ɗaya. A Afrilun 2021 shugaban Sri Lanka, Gotabaya Rajapaksa, ya hana shigo da takin zamani, ya ce ƙasar ta koma noman gargajiya zalla. Akwai ƙarancin dala a bayan shawarar, amma da rigar kare muhalli aka fito da ita. Girbin shinkafa ya faɗi, ganyen shayi da ƙasar ke samun kuɗin waje da shi ya ragu, ƙasar da ke ciyar da kanta da shinkafa ta koma saye. A Nuwamba aka janye dokar, a Yulin 2022 shugaban ya tsere daga ƙasar. Ba taki kaɗai ya kore shi ba, bashi ya riga ya yi wa ƙasar katutu, amma taki ya ƙara wa wutar fetur. Hatta masu goyon bayan noman gargajiya sun ce ba a yaye gona kamar yadda ake kashe fitila.

Abin da ya kamata mai karatu daga yankinmu ya riƙe shi ne daga ina aka rubuto waɗannan littattafai. Dukkansu daga ƙasashen da cutarsu ƙoshi ce. Tamu yunwa ce. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, abin da manomin nahiyar ke zubawa bai wuce kilo 8 na sinadaran taki a kadada ba, suka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015. Aka sake taruwa a Nairobi a Mayun 2024 ba a cika alkawarin ba. Matsakaicin duniya ya haura kilo 100. A nan kowane girbi yana kwashe abin da ba a mayar ba, a cire hatsi a cire kara a cire harawa, gona ta yi ta ramewa har wuta-wuta ta samu wurin zama, don ita a gajiyayyar ƙasa ta fi ƙarfi. Wanda ya karanta labarin tafkin Erie ya zo yana hana manomin Gumel ko na Tasawa zuba yuriya, ya yi wa mai ciwon yunwa maganin ƙiba.

Duk da haka masu gargaɗin suna da gaskiyar da ta shafe mu kai tsaye. Jigawar rairayi da ba ta da ruɓaɓɓen abu a cikinta ba ta riƙe taki. A zuba yuriya, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya tafi da ita, ko rana ta tayar da ita in ba a binne ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: sai gona tana da takin gida a jikinta sannan na buhu yake biyan kuɗinsa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, inda ake noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, da jama'a cunkus, amma ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce abin da kowa ke gani ba: awaki da tumaki a turke suna cin harawar wake da ta gyaɗa, takinsu yana komawa gona, sharar birni da toka ana fita da su a kan jakuna, itatuwa suna tsaye a cikin gonaki, Fulani suna sauka a mashekari bayan kaka. Tsari ne mai wayo, sai dai yana riƙe gona ne a inda take. Bai isa ya ninka amfanin da jama'ar da ta ninku ke nema ba, ga makiyayar da takin ke fitowa daga gare ta tana ta ƙanƙancewa.

Wani abin takaici shi ne ginshiƙin Smil yana nan a gida. Najeriya tana da gas, tana da masana'antar Indorama a Eleme, ga ta Ɗangote a Lekki da aka buɗe a Maris na 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Jiragen ruwa suna ɗaukarta zuwa Brazil da Amurka da Indiya. Yuriya haja ce ta kasuwar duniya, farashinta yana bin dala da gas. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, masana'antun amoniya na Turai da yawa suka rage aiki saboda tsadar gas, kuma Rasha ita ce kan gaba wajen fitar da taki, sai farashin ya tashi har a kasuwar ƙauye. Shirin da gwamnati ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya sa buhun kamfa a naira 5,500, yanzu sai dai a ba da labarinsa. Samun masana'anta dabam, buhu ya isa gona kafin shuka ta wuce lokacin sha dabam.

Abin da na yi ta nema a waɗannan littattafai ban same shi yadda ya kamata ba shi ne labarin Maraɗi da Damagaram. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin sabara da kalgo da ake sassabewa duk shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, da saiwarsu a zurfi. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse saura, cikin 'yan shekaru ya zama itace. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Ya bazu daga gona zuwa gona, galibi ba tare da kuɗin wani shiri ba, musamman da manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Da masu bincike suka auna da hotunan sama bayan shekara ashirin, suka tarar da kamar kadada miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya farfaɗo da ramukan shuka masu tara ruwa da taki, wato zai, da 'yan Nijar ke kira tassa.

Sarkin waɗannan itatuwa gawo ne, kuma halinsa ya isa babi guda a kowane littafin kimiyya. Dangin wake ne, yana da irin waɗancan bakteriya a saiwarsa. Yana zubar da ganye da shigowar damina, daidai lokacin da gero ke son rana da abinci, sannan ya yi kore da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da 'ya'yan itace, ta tsaya ƙarƙashinsa ta bar taki. Manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Mutanen Damagaram suna ba da labarin cewa sarakunansu na da sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

A Nijar ɗin dai, a tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, aka inganta wata dabara da ta fito daga ɗaya ɓangaren: maimakon watsa buhu a gona, a sa ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo, a ramin shuka. Taki kaɗan ne, ba ya zuwa kogi, kuma yana ba tsiro ƙarfin kafa saiwa da wuri a ƙasar da fosfaras ya yi mata ƙaranci. Manomin da ke da gawo a gonarsa, ya tara takin awaki a rami, ya ɗora murfin kwalba na kamfa a kai, ya haɗa Borlaug da Vogt a rami ɗaya, bai kuma san an taɓa raba su ba.

Akwai wata hanya ta uku da ta fara samun masu rubuta ta. Brazil tana noma waken suya a miliyoyin kadada kusan ba tare da takin naitirojin ba, saboda ana shafa wa iri zaɓaɓɓun bakteriya kafin shuka. Aikin da masana na hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, suka yi shekara da shekaru ne, kuma a 2025 aka ba ɗaya daga cikinsu, Mariangela Hungria, Kyautar Abinci ta Duniya a kansa, kyautar da Borlaug ya kafa. Cibiyar IITA ta Ibadan tana haɗa irin wannan garin bakteriya na waken suya. Sai dai abu ne mai rai, zafin shago da na bayan mota yana kashe shi, kuma in ƙasa ba ta da fosfaras ƙululun saiwar ba sa yin yadda ake so, sai an koma an nemo sufa.